Wasiƙa Ga Masu Motoci Masu Jan Taya Huɗu: Batun Man Giya

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, da fatan kuna lafiya.

Daga nan ƙasar da nake zaune nake rubuto muku kan wata magana da ta zauna daram a bakin masu motoci, wai man giyar otomatik ba a taɓa shi har motar ta mutu. Kamfanoni ma sun taimaka wajen yaɗa ta, domin wasu suna rubuta cewa man na tsawon rayuwar mota ne. To, rayuwar wace mota? Ku buɗe littafin motar ku duba ɓangaren aiki mai tsanani. Jan tirela, tafiya cikin rairayi, hawan tudu da kaya, zafi mai yawa, duk suna ciki, kuma a nan ne za ku ga an rage wa'adin canjin. Mota mai jan taya huɗu kuwa don irin wannan aikin aka ƙera ta.

Zafi ne ke kashe man. Idan tayoyi suka nutse a rairayi direba yana ta ba ta wuta, konbatar da ke tsakanin inji da giya tana ta murza man, shi kuma yana dahuwa. Shi ya sa wasu motocin Toyota suke da fitilar gargaɗi ta zafin man giya. Sabon mai galibi ja ne garau; idan ya koma baƙi yana ƙauri, ya gama aiki.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kwance noti a tsiyaye man ba ya fitar da shi duka. Kamar kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi ne ke fita, saura yana maƙale a konbata da bututan sanyaya mai. Don haka ni na fi yarda da a tsiyaye, a zuba sabo, a yi ɗan yawo, a sake maimaitawa sau biyu ko uku, musamman ga tsohuwar motar da ba a san tarihinta ba. Idan an cire farantin ƙasan giyar, a canza filta da gaskit (shimfiɗar da ke hana man yoyo), a goge maganaɗisun da ke ciki. Laushin garin ƙarfe a jikinsa ba komai ba ne, amma in kun ga ɓarɓashi mai kauri, giyar ce ke cin kanta, sabon mai ba zai warkar da ita ba.

Sai nau'in mai. Dexron na General Motors ne, Mercon na Ford, Toyota tana da T-IV da WS, na giyar CVT (wata irin giyar otomatik da ba ta da matakai na ɗaya, biyu, uku) kuma daban yake. Launi ɗaya ba ya sa su zama abu ɗaya. Kada bakanike ya ce muku "duk ja ne, ranka ya daɗe".

Auna shi ma sai da kula. Motocin zamani da yawa ba su da sandar gwaji. Akwai wani noti a ƙasa da rarar man ke zubowa ta cikinsa, kuma sai inji yana aiki, mota tana tsaye a daidai, man ya kai zafin da littafi ya faɗa. In ya yi yawa yana kumfa, in ya gaza giya tana zamewa.

Tunda kun riga kun shiga ƙarƙashin motar, ku tuna akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya yana da nasa man, aksul na gaba da na baya ma haka, na aksul ɗin yawanci mai kauri ne irin 75W-90. Ku fara kwance notin zubawa kafin na tsiyayewa, kada ku zubar da tsoho sannan ku tarar na saman ya cije. Wanda kuma ya ratsa ruwa mai zurfi, ya duba su da wuri: in man ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, a canza shi a ranar.

Wassalam, naku a kullum.