Mai gyara takardarka bai san malaminka ba

Duk shekara idan sakamakon BEPC (jarrabawar ƙarshen kwaleji) da na bak (ta ƙarshen sakandare) ya fito a Tahoua, magana ɗaya ce ke yawo a fada da ƙofar gida: malamin lissafi bai gama darussan shekara ba, yajin aiki ya cinye makonni, aji ya cika maƙil. Da yawa a ciki gaskiya ne, kuma abin yana da ciwo. Amma takardar jarrabawa a rufe sunan mai ita take zuwa hannun mai gyara. Bai san lakwal ɗinka ba, bai san ko a ajin zana ka yi karatu ba. Abin da biro ya rubuta kawai yake gani, ya ba da maki a kan 20.

Don haka, ƙanena, tun watan Oktoba ka nemi jerin darussan ajinka gaba ɗaya, daga malami ko daga wanda ya riga ka wucewa. Kwafe shi a shafin farko na littafinka, kana sa alama ga duk wanda aka yi. Idan Janairu ya zo ka ga ba a kai rabi ba, ka san sauran a wuyanka yake. Ari littafin ɗan wata makarantar da suka yi gaba, ka fara da kanka. Mai jiran malami sai a watan Mayu yake gano ramin, lokacin da babu sauran ƙasar cikewa.

Babbar cutar ita ce hadda. Yaro ya kwafe darasi da Faransanci, ya maimaita shi sau goma har ya zauna a baki, ya ɗauka ya iya. Ido ne ya saba da shafin, kai bai riƙe ma'ana ba, shi ya sa da an juya tambayar kaɗan sai komai ya watse. Gwajin mai sauƙi ne. Rufe littafin, ɗauki farar takarda, rubuta abin da ka tuna cikin minti 10, sannan ka buɗe ka kwatanta. Abin da ya ɓace, shi ne karatunka na daren nan, ba wanda ka riga ka iya ba. Bayan haka ka bayyana darasin da Hausa ga wani, ko da ƙaramin ƙanenka ne. Inda bakinka ya sarƙe, nan ne ba ka gane ba. Ka maimaita wannan a ranar da aka yi darasin, sai bayan kwana 3, bayan mako, bayan wata. Minti 15 sau huɗu sun fi dare guda cur ana gobe jarrabawa.

Akwai kuma lissafin da ɗalibai ba sa son yi. Kowane darasi da nauyinsa, wato lambar da ake ninka makinsa da ita. A ce ka sami 6 a darasi mai nauyin 5: maki 4 ne suka rage ka kai 10, rabin 20 da ake nema, sau 5, ka ci bashin maki 20. Kafin darasi mai nauyin 2 ya biya wannan bashin, sai ka ci 20 bisa 20 a cikinsa. Wa ke cin haka? Gudun darasi mai nauyi don ba ka shiri da malaminsa, kanka ka yi wa.

Allon gida yana da amfani ƙwarai: falange ɗaya da baƙin fenti da alli sun isa. Amma kada ku wuce mutum huɗu. Da an kai bakwai, an ɗora shayi, an fito da wayoyi, ya zama fada. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar gwani ɗaya riƙe da alli sauran suna gyaɗa kai. Wanda ya fi rauni shi zai hau allo, gwani ya yi shiru sai an maƙale. Daga Fabrairu, ku ɗauki tambayoyin shekarun baya sau ɗaya a mako, a sa agogo daidai lokacin da ake bayarwa a ɗakin jarrabawa, littafi a rufe, kowa shi kaɗai. Duk kuskure a rubuta shi a ƙaramin littafi tare da dalilinsa: ban karanta tambayar da kyau ba, na manta ƙa'ida, ko lokaci ya ƙure mini. Maganin kowanne daban ne.

Zafin Afrilu da Mayu a Adar, wato yankin Tahoua, ba ya barin kai ya yi aiki da rana, ga ɗaukewar wuta. Darasi mai wuya a ba shi bayan sallar asuba, sa'a ɗaya kafin a fita.

Shi kuwa malam, a je masa da abu a hannu. "Malam, ban gane ba" ba ta da inda zai kama, ga shi da wani ajin yana jiransa. Kai masa takardar da ka gwada, ka nuna layin: "Malam, na zo har nan, daga nan ne na rasa yadda aka fitar da wannan." Irin wannan tambayar a tsaye bakin ƙofar aji ma ana amsa ta cikin minti 2.