Kuɗin da suka iso bayan an sayar da awaki

Shekara uku na yi ina rajistar mata a wani shirin tallafin kuɗi, a yankunan da fari ya saba addaba. Da na fara, a zatona aikin bai wuce rubuta suna da ɗaukar hoto ba.

A shekarar farko ruwa ya ɗauke da wuri. Mu kuwa muna can muna tantance sunaye, takardu na ta kai-komo tsakanin ofisoshi, sai da aka yi wata uku kafin kuɗi su sauka. Da na koma, wata dattijuwa ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar nan, Allah ya saka da alheri, amma awakin sun tafi tuntuni." Ta sayar da su ne lokacin da kowa ke sayarwa, farashi ya faɗi warwas. Har yau maganar nan tana ci mini rai. Idan gida ya shiga matsi, dukiyar mace ake fara taɓawa, ita ke rage cin abinci don yara su samu, 'yarta ake fara cirewa daga makaranta saboda ɗibar ruwa ta ƙara nisa. Duk wannan ya riga ya faru kafin mu iso.

Kuskure na biyu nawa ne. Sunan mace nake rubutawa, amma lambar wayar ta miji ce ko ta ɗa, domin da yawansu ba su da katin shaida balle layi. Wasu mazan sun riƙe amana, wasu kuwa matan ba su ma san kuɗin sun shigo ba. Dole muka koma gida-gida, muka taimaka kowace ta yi rajistar layi da sunanta, muka zauna da ita har ta riƙe lambar sirrinta.

Daga nan na shiga bin diddigin yadda wasu ƙasashe ke yi. A Habasha, shirin da aka soma a 2005 yana biyan mutane su yi aikin tare zaizayar ƙasa, amma mai ciki da mai jego ana ɗauke musu aikin ba tare da an yanke musu tallafi ba. Wanda ya fi ratsa ni shi ne na Bangladash a Yulin 2020, inda Hukumar Abinci ta Duniya ta dogara da hasashen yanayi ta tura wa mazauna gaɓar kogin Jamuna kuɗi ta waya kafin ambaliya ta kai ƙololuwa.

Da wannan na je na yi ta naci a ofis. A shekara ta uku mun kammala rajista tun kafin shuka, kuma da alamun fari suka bayyana aka biya cikin mako biyu. Dattijuwar nan ta ja ni bayan ɗakinta, ta nuna mini akuya biyu a ɗaure, ɗaya da tsohon ciki.