Daga lungun Kambirij zuwa gonar alkama ta 1843

Jirgin ƙasa daga tashar King's Cross ta Landan zuwa Kambirij bai cika awa guda ba in ka dace da mai sauri. Ɗan ƙanina, wanda ke karatun digiri na uku a fannin ƙwayoyin halitta, shi ya tarbe ni a tasha, ya karɓe mini jaka, ba mu ma gama gaisawa ba ya shiga tsara inda za mu. Abin da ya kawo ni shi ne labarin sabon maganin sikila da ake ta yayatawa tun ƙarshen 2023. Na gaji da kanun labarai, ina so in ji daga bakin wanda ya san kan abin. Ya ce, "Baffa, in don wannan ne, ba asibiti zan fara kai ka ba. Akwai wani lungu."

Lungun sunansa Free School Lane, siriri ne, kekuna jingine a jikin bango hagu da dama, in ba an nuna maka ba wucewa za ka yi. A nan tsohon ɗakin bincike na Cavendish yake, kafin masana kimiyyar fiziks su tashi zuwa yammacin gari a 1974. Kowa ya san nan ne Watson da Crick suka haɗa siffar DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, a 1953, suna dogaro da hotunan da Rosalind Franklin ta samar a King's College ta Landan, ita da ba a ba ta haƙƙinta ba sai bayan ranta. Masu yawon buɗe ido kuwa can suke cincirindo a ƙofar mashayar Eagle da ke kusa, inda aka ce Crick ya fara shelar abin da suka gano. Mun wuce ta ba tare da tsayawa ba, don wani mutum daban ne yaron yake son ba ni labarinsa.

Vernon Ingram ke nan. A wannan harabar ce, tsakanin 1956 da 1957, ya yayyanka furotin ɗin da ke ɗaukar iska a cikin jini, wato himogulobin, ya baje gutsattsarin a kan takarda, na mai lafiya gefe guda, na mai sikila gefe guda. Duk ɗigo ya zauna a mazauninsa in ban da guda ɗaya. Sarƙar furotin ɗin da abin ya shafa tubali 146 gare ta, kuma na shida ne kaɗai ya sauya. Daga baya aka tabbatar harafi ɗaya ne tak a cikin DNA ya jawo haka. Wannan harafin shi ke sa himogulobin ya manne wa juna ya zama zare mai tauri in iska ta yi ƙaranci, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi, sai ciwon da masu shi kaɗai suka san zafinsa ya taso. Na tsaya ina kallon ƙofar katakon nan ina lissafi. Daga lokacin da aka san ainihin inda ɓarnar take zuwa ranar da hukumar magunguna ta Birtaniya ta amince da maganin da ke gyara ƙwayoyin gado, 16 ga Nuwamba 2023, shekara 67 ke nan. Jaridu sun ba da labarin kamar jiya aka kwanta yau aka tashi da shi.

Washegari muka nufi Hinxton, wani ƙaramin ƙauye a kudu da Kambirij, inda Cibiyar Sanger take. Hanyar duk gonaki ce shimfiɗe, ba tudu ba kwari, sai ka yi mamakin yadda aka yi aka dasa irin wannan wuri a nan. Tsohon gidan attajirai na jan bulo a gefe, gine-ginen gilashi a gefe, can ƙasa kuma fadama da rafi. An sa wa cibiyar sunan Frederick Sanger, wanda ya ci kyautar Nobel sau biyu, a 1958 da 1980, kuma a nan aka karanta kusan kashi ɗaya cikin uku na kundin gadon ɗan'adam da aka ce an kammala a 2003. Na ce "aka ce" ne don kimanin kashi 8 cikin ɗari ya gagara a lokacin, sai a 2022 wata tawaga ta cike giɓin. A harabar kuma akwai cibiyar Turai mai adana bayanan halittu, wadda ke riƙe da rumbun AlphaFold, inda kwamfuta ta zana siffar furotin sama da miliyan 200, kowa na iya shiga ta intanet ya duba kyauta. Max Perutz ya kwashe shekara fiye da ashirin a Kambirij kafin ya ga siffar himogulobin kaɗai. Da na faɗi haka, yaron ya yi dariya ya ce ai da siffofin da su Perutz suka sha wuya a kansu aka koya wa kwamfutar, ba daga sama ta sauko da su ba.

A bakin fadamar muka zauna ya warware mini maganin, mai suna Casgevy. Ashe bai ma taɓa harafin Ingram ba. Zagaye ya yi. Tun 1948 wata likitar yara a New York, Janet Watson, ta lura jariran da aka haifa da sikila ba sa nuna alama sai bayan wasu watanni, ta danganta hakan da irin himogulobin da ɗan tayi ke amfani da shi a ciki, wanda ba ya mannewa. Bayan haihuwa jiki kan kashe shi ya kunna na manya. Sai a 2007 da 2008 masu bincike a Landan da Boston suka gano makunnin da ke yin wannan aiki, ƙwayar gado mai suna BCL11A. A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna yadda za a sarrafa CRISPR, wani irin almakashin ƙwayoyin gado, ya yanke DNA a daidai inda ake so. Haɗa ukun nan ka sami maganin: a ciro ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majiyyaci, a yanke wurin da ke tada makunnin a cikinsu, a mayar masa, jikinsa ya koma ƙera himogulobin na jarirantaka. A gwajin da hukumar magunguna ta Amurka ta duba, mutum 29 cikin 31 sun yi shekara cur ba tare da mummunan tashin ciwo ba.

Na ce masa to ai an gama. Ya ce, "Baffa, ba a nan gizo ke saƙar ba." Kafin a mayar da ƙwayoyin sai an share tsohon ɓargo da magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji, wanda kan zubar da gashi, ya kwantar da mutum makonni a asibiti, kuma yana iya hana haihuwa. Ga farashi: dala miliyan 2.2 a Amurka, fam miliyan 1.65 a takarda a Birtaniya. A Janairun 2025 aka amince hukumar lafiya ta Ingila ta riƙa ba da shi, amma ga 'yan tsiraru masu tsananin ciwo. A gefe guda, a 2021 kaɗai jarirai sama da dubu 500 aka haifa da sikila a duniya, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, akwai tsohuwar ƙwayar magani mai araha, haidiroksiyuriya, da ke ƙara wannan himogulobin ɗin dai, kuma gwaji a Angola da Kongo da Kenya da Yuganda ya nuna tana rage tashin ciwo da mutuwa a yara. Ba ta warkarwa, amma ita ma ba ta kai ga yawancin masu bukata ba, kuma ba na jin ana buga mata ganga. Shi yaron fatansa yana kan gyaran da za a yi a cikin jiki da allura, ba sai an ciro komai ba. Ya ba ni misalin wani jariri mai wata cutar gado daban, ba sikila ba, da aka yi wa haka a Filadalfiya a 2025, aka ƙera masa magani nasa shi kaɗai cikin kusan wata shida, aka aika shi hanta a cikin ɗigon kitse. Hanta dai tana karɓar saƙo cikin sauƙi. Ɓargo ne mai taurin kai.

Ban yi niyyar zuwa gona ba, shi ya nace. Muka koma Landan, muka tsallaka daga King's Cross zuwa St Pancras, titi ɗaya ne tsakani, muka hau jirgin Harpenden, tafiyar kusan rabin awa. Daga tasha da ƙafa muka ratsa ta wani fili mai layin manyan bishiyoyi har Rothamsted. A nan John Lawes, wanda ya yi rajistar haɗa takin sufa a 1842, da abokin aikinsa Henry Gilbert suka shuka alkama a wata gona mai suna Broadbalk a 1843, kuma tun daga lokacin ba a daina ba. An tsaga gonar dogayen layuka: wannan takin dabbobi, wannan takin zamani, wannan kuma ba a taɓa sa masa komai ba. Lokacin bazararsu ne, alkama ta fitar da kai, bambancin a fili yake ko ga wanda bai taɓa riƙe fartanya ba. Layin da aka ƙosar kore shar, cunkus, iska na kaɗa shi gaba ɗaya. Maƙwabcinsa da aka bari da yunwa gajere, ɗorawa-ɗorawa, kana hango ƙasa ta tsakanin karare. Taku biyu ne tsakaninsu.

Kowace shekara ana ɗibar ƙasa da hatsi da kara a adana, yanzu samfuran sun haura dubu 300, na farko-farkon a cikin kwalabe masu toshiya da rubutun hannu. Lawes bai san DNA ba, bai san bam ɗin nukiliya ba, amma daga kwalabensa aka bi sawun ƙurar gwajin nukiliya da gurɓatar iska, aka kuma ciro DNA na cututtukan alkama tun na ƙarni na 19. A ganina wannan ya fi yawancin na'urorin da na gani a Hinxton ban sha'awa, mutum ya ajiye abu saboda tambayar da bai san za a yi ba.

Dalilin kawo ni dai shi ne burodi. A 2002 masu bincike a Suwidin suka gano wani sinadari, akirilamaid, yana samuwa a abinci mai sitaci in an gasa ko an soya shi da zafin da ya wuce digiri 120. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar, kuma tun 2018 Tarayyar Turai ta gindaya wa masu sarrafa abinci ma'auni. Yana fitowa ne in asfarajin, wani tubalin furotin da ke yawo a cikin hatsi, ya haɗu da sukari a wuta. Gwargwadon yadda burodi ya yi duhu, gwargwadon yawansa. Masu masana'anta kan rage wuta ko su zuba wani sinadari a ƙullu, amma tawagar Nigel Halford a Rothamsted ta koma can tushe. Da CRISPR ɗin nan dai suka kashe ƙwayar gadon da ke tara asfarajin a cikin tsaba. Aikin ba sauƙi, don alkama kwafi shida take ɗauke da shi na kusan kowace ƙwayar gado, kundinta kuma ya ninka na mutum sau biyar. Sun shuka a fili a 2021, karo na farko a Turai ga alkama irin wannan, kuma sakamakon da suka fitar a 2023 ya nuna asfarajin ya ragu da kusan rabi, akirilamaid kuma da har kashi 45 cikin ɗari bayan an gasa garin. Sun kuma daɗe da nuna cewa ƙasar da ba ta da isasshen farar wuta takan sa asfarajin ya hauhawa, don haka taki ma yana da hannu a ciki.

A 2023 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta raba irin wannan gyara da dasa ƙwayar gado daga wata halitta, amma dokar Ingila kaɗai ta shafa, ban da Sikotland da Wales. Na tambayi yaron yaushe manomi zai sami irin. Ya ce sai masu kiwon iri sun ɗauki wannan hali sun barbara shi cikin nau'ukan da manoma ke shukawa, an gwada yabanya a ƙasa daban-daban, masu niƙa da masu gashi sun yarda garin yana tashi. "Shekaru ne, Baffa, ba watanni ba," in ji shi, yana duba agogo, don jirgin da zai mayar da shi Kambirij ta Landan ya kusa, ni kuma ƙafafuna sun fara ƙorafi tun kafin mu kai bakin titi.