A fara da ƙidaya: darasi daga koyar da rabuwar ƙwayar halitta

Ɗalibin sakandare a Sinnar ko Gadarif ta ƙasar Sudan da ke shirin jarrabawar shahada yakan jero sunayen Larabci na matakai huɗu na rabuwar ƙwayar halitta tamkar karatun allo: tamhidi, istiwa'i, infisali, niha'i. Amma a zana masa ƙwaya mai kuromosom huɗu, wato 'yan sandunan da ke ɗauke da bayanan gado, a tambaye shi nawa kowane ɓangare zai samu bayan rabuwa, sai ya yi tsuru-tsuru. Abin da wannan darasi ke koya wa malami da ɗalibi ke nan: a fara da ƙidaya, sunaye su biyo baya.

Ƙwayar halitta, wadda littafin Larabci ke kira haliyya, tana ɗauke da kuromosom 46 a jikin mutum, 23 daga uba, 23 daga uwa, kowane da takwaransa. Ƙidayar ba wasa ba ce: fiye da shekara talatin masana na rubuta 48, sai a 1956 Tjio da Levan suka tabbatar da 46 a Suwidin.

Kuskuren farko da ake yawan yi shi ne zaton ana kwafar DNA, sinadarin gadon da ke cikin kuromosom, a cikin rabuwar kanta. Kafin nan ake yi, a lokacin da ake kira baini, wanda ya cinye mafi yawan rayuwar ƙwaya. Ƙwayar mutum mai saurin rabuwa takan yi zagayenta cikin kusan awa 24, rabuwar kuwa kusan awa ɗaya kawai take ci. Bayan kwafa, kowane kuromosom ya zama zare biyu, wato kuromatid, ɗaure a ƙugu guda da ake kira santiromiya. Zare 92 ke nan, amma kuromosom yana nan 46, domin ƙugu ake ƙirgawa. Wanda ya riƙe wannan ya rage wa kansa rabin wahala.

Maitosis, wato inƙisamul mutasawi, sunan da Walther Flemming ya raɗa a 1882, aikinsa girma da gyara: warkewar rauni, sabunta fata, tsawon saiwa. Kuromosom su dunƙule har a iya ganinsu, bangon cibiyar ƙwaya, ɗakin da kuromosom ke ciki, ya watse, su jeru a tsakiya ɗaya bayan ɗaya, ƙugu ya tsage, zarurrukan igiyar ja su janye kowane kuromatid zuwa gefensa. A ƙarshe ƙwaya biyu, kowace da 46, iri ɗaya sak. Ta dabba takan tsuke a tsakiya har ta yanke, ta tsiro kuwa sabon bango take ginawa daga ciki.

Duk wannan ana iya ganinsa da albasar kasuwa, kuma nan ne ya kamata a ɓata lokaci. A ɗora albasa a bakin kofin shayi, gindinta kaɗai ya taɓa ruwa. Cikin kwana uku zuwa biyar saiwa za ta kai santimita ɗaya ko biyu. Da zafi irin na Sudan ruwan yakan lalace da wuri, saboda haka a canja shi kullum, in ba haka ba gindin ya ruɓe. A yanke tsinin saiwar, milimita biyu zuwa uku kacal. Wannan shi ne wurin da ake yawan faɗuwa: in aka yanko sama da haka, dogayen ƙwayoyi za a gani waɗanda suka daina rabuwa, ɗalibi ya yi ta leƙe a banza. A jiƙa tsinin cikin asid na haidurokulorik mai ƙarfin mola ɗaya, da ɗumin digiri 60, na minti biyar, don ya narkar da abin da ke manne ƙwayoyin da juna. In lokacin ya gaza, saiwar ba za ta baje ba. In ya zarce, ta dagargaje kuma ta ƙi kama rini. A ɗauraye da ruwa, a ɗiga rinin asito-osin ko shuɗin toluwidin, a rufe da siririn gilashi, a ɗora takarda mai tsotse ruwa, a danna da babban yatsa kai tsaye ƙasa. Kada a murza. Murzawa na nannaɗe ƙwayoyin a kan juna. A mijhar, wato madubin ƙara girman abu, a fara da ƙaramin ninki, sannan a koma ninki 400. Mafi yawan abin da za a gani yana cikin baini ne, kuma wannan ba gazawa ba ce, shaida ce ta tsawon wancan lokaci. Albasa kuromosom 16 gare ta.

Mayosis, inƙisamul munassif, a wurin haihuwa kaɗai yake faruwa: maniyyi da ƙwan mace, ko ƙurar fure. Kwafa ɗaya, rabuwa biyu, ƙwaya huɗu, a jikin mutum masu 23 kowace. Tambaya guda ce ke warware ruɗanin: me ke rabuwa? A zagaye na farko kuromosom na uba ya rungumi takwaransa na uwa, su yi musayar gutsattsari, su jeru bibbiyu, sannan takwarorin su rabu ƙugu bai tsage ba. Nan adadin ya koma rabi. A zagaye na biyu ne ƙugu ke tsagewa, kamar a maitosis. Ɗalibai da dama sukan ce a na biyu ake ragewa, kuskuren da ke cin maki duk shekara. Igiyar leda kala biyu, a ɗaure bibbiyu, a ja da hannu a kan tebur, ta fi zane goma a allo.

Yadda takwarori ke jeruwa ba shi da tsari, shi ya sa mutum ɗaya ke iya fitar da haɗi iri 8,388,608, wato biyu sau biyu sau biyu, har biyu guda 23, tun kafin a lissafa musayar. Dalilin da wa da ƙane ba sa zama ɗaya ke nan. Haka kuma batun sikila: ƙwayar gadonta na kan kuromosom na 11, kuma idan miji da mata duk AS ne, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zama SS. Kowane ciki lissafinsa daban. Haihuwar mai sikila ɗaya ba ta kare ukun da ke biye. Saudiyya ta wajabta gwajin jini kafin aure tun 2004 saboda sikila da talasimiya, wata cutar jini ta gado.

Idan takwarori suka ƙi rabuwa, ƙwai ya tafi da 24. In na 21 ne, a haifi yaro mai 47, larurar da ake kira Dawun, kuma yiwuwarta na ƙaruwa da shekarun uwa. Alfadari ma misali ne: doki kuromosom 64, jaki 62, shi 63. Jikinsa na girma lafiya lau domin maitosis ba ruwansa da takwara, amma a mayosis kuromosom ɗinsa ba sa samun abokan jeruwa daidai, shi ya sa da wuya ƙwarai ya haihu.