Tambayar 'yata kan kalmar "white"

Jiya da daddare 'yata tana bitar karatu, sai ta ɗago kai ta ce, "Baba, me ya sa ake rubuta h a kalmar white amma ba a furta ta?" Na kwana da tambayar a raina.

Ashe a tsohon Turanci hwīt ake rubutawa, h ce a gaba, kuma ana furta ta. Daga baya marubuta suka juya haruffan. Har yau akwai mutanen Sikotland da ake jin wannan hucin iskar a bakinsu.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne alkama. Kalmar wheat tsatsonta ɗaya da white, saboda farin garinta aka raɗa mata sunan. Wallahi na ji daɗin gano wannan.

Ga kuma white lie, ƙaryar da ake yi don kada ran mutum ya ɓaci. White elephant kuwa abu ne mai cin kuɗi ba amfani, daga labarin fararen giwayen sarakunan Siyam, Tailan ta yau.

Da safe na gaya mata. Ta ce, "Kamar farin jini da farin ciki ke nan?" Muka yi ta lissafo namu har ƙofar makaranta.