Kujerar da za ta zauna lafiya da kyanwa

Shekara goma sha bakwai ke nan ina haɗa kujerun kushin a wata rumfa da ke wajen Ƙofar Ƙaura a cikin birnin Katsina, tare da yara huɗu da ke koyon aiki a hannuna, kuma a yau babu wanda zai zo ya ba ni aikin kujera in karɓi kuɗinsa ba tare da na tambaye shi abin da ke yawo a cikin gidansa ba. Wasu suna mamakin tambayar, suna ganin babu abin da ya haɗa kafinta da dabbobin gidan mutum. Wata Hajiya ce ta koya mini yin ta, bayan da na haɗa wa 'yarta kayan ɗaki, saitin kujeru mai zaman mutum bakwai, da wani yadi mai kauri mai sako-sakon saƙa wanda ake yayi a lokacin. Ba a yi wata takwas ba aka dawo mini da babbar a bayan a-kori-kura, hannunta na dama ya zama kamar gezar masara, zare yana reto, soso ya leƙo waje. Hajiyar ta ce mini, "Malam, ashe aikin naka na ganin ido ne?" Na duba da kyau na ce, "Hajiya, akwai kyanwa a gidan nan?" Ta ce akwai guda biyu, amarya ta taho da su daga gida saboda ta shaƙu da su tun tana yarinya. Katakon bai motsa ba, ɗinkin bai saki ba, amma na zaɓa musu yadin da bai dace da gidan ba domin ban tambaya ba, kuma na sake lulluɓe kujerar ban karɓi kuɗin hannu ba.

Kyanwa ce dabbar da ta fi shafar sana'armu, saboda ita ce ke shiga falo ta kwanta inda mutane ke zama. Kare a gidajenmu na tsakar gida ne ko bakin ƙofa, akuya da kaji kuwa kutse suke yi idan an bar ƙofa a buɗe. Mutanenmu sun daɗe suna ajiye mage domin ɓeraye, musamman gidan da ke da ɗakin ajiyar hatsi, kuma malamai sun karantar da mu cewa tana cikin masu kai-komo a tsakaninmu, abin da ta sa wa baki bai zama najasa ba. A 'yan shekarun nan kuma matasa sun fara sayen irin na waje masu dogon gashi, suna kula da su kamar 'ya'ya. Ko wace iri ce, farcenta ɗaya ne, kuma babu kyanwar Lami a gaban kujera.

Ya kamata mai saye ya fahimci dalilin yakushin, domin a kansa ne zaɓin yadi ya dogara. Kyanwa tana kartar abu ne don ta cire tsohon ɓawon da ke saman farcenta sabo ya fito, ta miƙe jijiyoyin kafaɗunta bayan barci, kuma ta bar ƙamshin tafin ƙafarta a wurin a matsayin alamar cewa nan nata ne. Duka ko tsawa ba sa raba ta da wannan, domin halittarta ce. Abin da take nema shi ne wuri tsayayye, wanda ba ya motsi idan ta jingina da shi, mai saƙar da farce zai shiga ya kama. Hannun kujera da kusurwar bayanta sun cika duk waɗannan sharuɗɗa, shi ya sa kusan duk kujerar da aka kawo mini gyara daga gida mai mage a waɗannan wurare biyu take lalacewa, wurin zama kuwa yana nan lafiya.

Saboda haka duk yadin da zarensa ya yi ɗan lanƙwasa a sama, ko saƙarsa ta yi sako-sako har ana ganin ramukanta, ba na gidan kyanwa ba ne, ko da kuwa ya kai buhun algarara kauri. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, suna ɗauka kauri shi ne ƙarko. Abin da na fi ba da shawara shi ne karan-miski mai gajeren gashi, ko yadin nan mai laushi da ake kira maikurofaiba, wanda zarensa ya yi siriri ƙwarai kuma aka matse saƙarsa. A kan waɗannan farce zamewa yake yi, ba ya samun abin kamawa, kuma idan ta gwada sau biyu ko uku ba ta ji daɗi ba sai ta nemi wani wuri. Mutane suna jin karan-miski suna tsammanin kayan lallaɓawa ne, alhali zaren samansa yankakke ne a tsaye, babu madaukin da za a ja. Gwajin da nake yi a gaban mai saye ba shi da wuya: ina ɗaukar ƙusa inci biyu in ja bakinta a kan ƙyallen samfur da ɗan ƙarfi, a tsaye da kuma a kwance. Idan ta tsinko zare ko guda ɗaya, na ajiye yadin gefe. Idan ta wuce ta bar layin da yatsa zai shafe, to ana iya magana.

Wasu yadukan da ake shigowa da su suna zuwa da lamba a jikin katin samfur, ta gwajin da ake kira Martindale, inda inji ke goga yadin har sai ya fara sarewa a ƙirga sau nawa ya jure. Wanda ya kai 25,000 zuwa 30,000 ya isa gidan da ake yawan zama, wanda ya haura 40,000 kuwa irin na otal da ofis ne. Lambar tana da amfani ga gida mai yara da baƙi, amma gogayya take aunawa, ba ta auna tsinken farce, don haka ko na ga babbar lamba sai na yi gwajin ƙusata.

Leda ita ce abin da aka fi tambayata, saboda ana ganin da tsumma ɗaya za a goge ta. Gaskiya ne gashi ba ya manne mata, ruwa kuma ba ya shiga da wuri. Matsalarta ita ce ledar da ta cika kasuwa yadi ne aka shafa wa siririn roba a sama, kuma farce ɗaya ya huda wannan roban, daga nan ɓarewa za ta fara. Zafinmu na watan Afrilu da Mayu, wanda yake haura digiri 40, da bushewar hunturu suna gama sauran aikin, sai ka ga kujera tana zubar da ɓawo kamar jikin bishiya, yana manne wa mutane a riga. Fata ta gaske ta fi jurewa nesa ba kusa ba, huda ba ta sa ta ɓarewa, amma duk karta tana nan a jikinta ana gani, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin masu zuwa wurina. Game da launi kuwa maganar gajera ce: a zaɓi wanda ya yi kusa da gashin dabbar, a guji baƙi wuluk da fari tas, domin ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta tona asirinsu. Ruwan ƙasa da ruwan toka sun fi rufa wa gida asiri.

Abin da ya fi yakushi ɓata kujera shi ne fitsari, kuma shi ne abin da masu gida ke jin nauyin faɗa. Muzurun da ya balaga yana fesa fitsari a jikin abu tsayayye don ya yi wa wurin alama, kuma idan ya ratsa yadi ya shiga soso, warin ba ya fita da wankin sama, sai ya lafa da rani ya taso da damina idan iska ta yi laima. Ga mu kuma mutane ne masu salla, tufafin da muka zauna da su a kujera da su muke tsayawa a kan darduma. Dalilin da ya sa ke nan nake dagewa a kan matasan zama masu cirewa, kowace da rigarta mai zif, a ƙarƙashin rigar kuma ina sa wa soson wata siririyar rigar da ruwa ba ya ratsawa. Kujerar da aka ɗinke zamanta gaba ɗaya aka buge da ƙusa ta fi kyan gani a hoto, amma ranar da abu ya zuba sai an kawo ta rumfa an farke. Idan abin ya faru, a danna busasshen tsumma a tsotse shi nan take ba tare da gogawa ba, a wanke rigar da ruwan sanyi, a shanya soson a inuwa mai iska. Kada a zuba bilic a kan fitsari, domin haɗuwarsu tana tayar da iska mai cutar da numfashi, ga kuma cin launin yadi. Likitocin dabbobi suna yi wa muzuru dandaƙa, kuma hakan yana rage fesawar sosai.

Akwai wani wuri da ba mai dubawa sai kafinta, wato ƙarƙashin kujera. Yawanci ana rufe shi da wani baƙin ƙyalle marar ƙarfi don a ɓoye katako. Na taɓa kifa wata kujera da aka kawo daga Sabuwar Unguwa na tarar an yage ƙyallen ta kusurwa, a ciki ga tsummokara da gashi da ƙasusuwan kifi, ashe a nan kyanwar gidan ta haihu har sau biyu, ga ƙuma ta yi gida a cikin soso. Tun daga lokacin, idan gida mai mage ne, da siririn filawud nake rufe ƙasan in ɗaure da sukuru yadda za a iya kwancewa, in huda masa ƙananan ramuka don iska. Ina kuma ɗaga ƙafafun su kai kamar santimita 15 daga ƙasa, tsintsiya ta shiga ta fita, ruwan wankin ɗaki kuma kada ya taɓa jikin katako. Inda ake kiwon zomo a cikin gida, ƙafar ƙarfe nake sawa, domin zomo gwaguyar katako yake yi.

Shi kansa katakon, ko da dabba ko babu, shi ne ƙashin bayan aikin. Mafi yawan wanda muke saye daga kudu ake kawo shi, kuma sau da yawa yana isowa da ɗanyensa. Idan aka yi gaggawar aiki da shi, hunturun farko zai tsotse ruwan jikinsa, ya ƙanƙance, mahaɗai su saki, kujera ta fara kuka idan an zauna. Ni ina jingine nawa a inuwa ya sha iska makonni kafin zarto ya taɓa shi, in shafe shi da maganin gara, in haɗa kusurwoyi da gam da sukuru tare da ɗan katakon tallafi a kowane lungu, domin ƙusa kaɗai tana sassautawa da shekaru. Maɗaci da iroko sun fi ƙarfi da jure gara, farin katako marar nauyi kuwa araharsa ce kawai abin so. Mai saye zai iya gwada wannan da kansa a shago: ya ɗaga ƙafar gaba guda ɗaya kamar tsawon tafin hannu, idan ɗaya ƙafar gaban ta biyo ta sama, ginin ya haɗu, idan kuwa ta zauna a ƙasa kujerar tana murɗewa, ya bar ta. Soso kuma a tambayi nauyinsa, kada a tsaya ga taurinsa, domin akwai mai tauri marar nauyi da ke zama fanke cikin shekara guda. Na wurin zama ina son ya kai kilo 28 zuwa 30 a kowace kubik mita, wato dunƙulen soso mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri, na jingina kuwa ko bai kai haka ba babu laifi.

Duk da wannan, ina gaya wa kowa cewa babu yadin da zai hana kyanwa buƙatar karta, sai dai a ba ta wurin da ya fi kujera daɗi. Daga ragowar katakon aiki nake yanke gungume mai tsawon kamar santimita 80, in kafa shi a kan faffaɗan gindi mai nauyi yadda ba zai girgiza ba, yarana su naɗe shi da igiyar rama tam-tam tun daga ƙasa har sama. Tsawon yana da muhimmanci, domin tana son ta miƙe gaba ɗaya, kuma idan ya yi rawa sau ɗaya ba za ta sake kusantarsa ba. A ajiye shi dab da hannun kujerar da ta saba zuwa, ko kusa da inda take barci, kada a kai shi bayan gida inda ba ta zama. Ana iya rage mata tsinin farce kaɗan lokaci-lokaci, amma cire farcen gaba ɗaya zalunci ne, domin yanke gaɓar ƙarshe ta yatsa ne, kuma da shi take kama ɓera take hawa katanga ta tsira.

Ba na karɓar ko sisi a kan wannan gungume, ina ɗora shi ne a mota tare da kujerun. Na kuma saba yanke wa mai gida ragowar yadi kamar yadi biyu in naɗe masa ya ajiye a ƙasan akwati, saboda kayan kasuwa suna sauyawa, launin da aka samu bana da wuya a same shi baɗi. Hannuwan kujerar da na yi wa gida mai kyanwa da sukuru nake ɗaure su ba da gam ba, ta yadda idan ɗaya ya lalace za a kwance shi kaɗai a kawo mini a kan babur, in lulluɓe shi da wannan ragowar yadin a mayar kafin la'asar. Hajiyar nan da ta fara koya mini darasin ta dawo bayan shekara shida za ta aurar da ƙaramar 'yarta, kuma tun kafin ta zauna a kan bencin rumfa ta ce mini, "Malam, ita ma wannan da magenta za ta tafi, sai ka haɗa da icen nan mai igiya."