Akwatin Kwali da Kofin Alexander na Gundumar Surrey

Daren da aka fitar da mu daga gasar, ni na rage a zauren ina kashe agoguna ina zuba 'ya'yan darar ces a jakunkunansu. Sai sakataren kulob ɗinmu, wani dattijon Bature da ya haura shekara tamanin, ya dafa kafaɗata ya ce in biyo shi ɗakin ajiya. Ya nuna mini wani akwatin kwali da laima ta fara cin gindinsa. "Ɗana, ɗauki wannan ka tafi da shi gida," in ji shi. "Abin da ya same ka yau yana ciki, an rubuta shi tun ba a haife ka ba."

A Zariya na koyi darar ces lokacin ina ɗalibi. Da aiki ya kawo ni kudancin Landan, na nemi ƙaramin kulob kusa da gida na shiga, bayan 'yan shekaru suka ɗora mini kyaftin. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne, muna zaune cikin Landan amma a gasar gundumar Surrey muke bugawa. Dalilin shi ne tsohuwar iyaka. Unguwanni irin su Battersea da Streatham sun fita daga Surrey a 1889, Wimbledon da Kingston da Croydon kuma suka bi a 1965, amma ƙungiyar ces ta gundumar, wadda aka kafa a 1883, ba ta sallami kulob-kulob ɗinsu ba. Haka 'yan kurket ma suka yi: filin ƙungiyar Surrey, wato Oval, yana tsakiyar kudancin Landan har gobe.

Akwai gasar lig da ake bugawa duk lokacin sanyi, akwai kuma Kofin Alexander, wanda shi ne sili-ɗaya-ƙwale. Kowane kulob yana kawo mutum goma, a jera su daga gwani a allo na ɗaya zuwa allo na goma. A jefa kwabo, wanda ya ci ya zaɓi launi, sai fari da baƙi su riƙa juyawa allo bayan allo. Da dare ake yi bayan an tashi daga aiki, cikin awa uku an gama. Wanda ya sha kaye, sai baɗi.

Kulob ɗin da muka karɓi baƙuncinsa a daren ya fi mu manyan 'yan wasa, amma mu ma muna da mutane masu ƙwari a ƙasa. Kafin ƙarfe goma mun rasa allo na 1, na 2, na 4 da na 7, mun ci na 6, na 8, na 9 da na 10, an yi kunnen doki a na 3. Huɗu da rabi kowa. Saura allo na 5, inda wani matashinmu ke da rarar dakare ɗaya, wato mafi ƙanƙanta cikin 'ya'yan darar, da doki a tsakiyar allo wanda babu mai iya korarsa, amma mintinsa bai kai huɗu ba a agogo, wanda lokacinsa ya ƙare kuwa ya faɗi. Abokin karawarsa ya nemi su raba. Yaron ya ɗago ya dube ni, hannunsa na rawa a kan takardar rubuta wasa, ya tambaya ko ya karɓa. Na ga agogonsa, na ji tsoron kada mu tashi a tutar babu, na ce ya karɓa. A raina biyar da biyar na nufin za a sake karawa.

Ba a sake karawa. Idan aka tashi canjaras, lambobin allunan da kowane ɓangare ya ci ake haɗawa, mai ƙaramin jimilla shi ya wuce. Nasu 1 da 2 da 4 da 7, wato 14. Namu 6 da 8 da 9 da 10, wato 33. Kyaftin ɗinsu ya riga ya yi wannan lissafin tun kafin ɗan wasansa ya buɗe baki. Dokar tana rubuce a takardar ƙa'idojin da aka aiko mini tun farkon kaka, ni ne ban karanta ta har ƙarshe ba. Mutum tara sun bar iyalinsu cikin sanyi sun zo, na jefar da wahalarsu da kalma ɗaya. Har yanzu abin yana ci mini rai.

Sai da na yi mako biyu kafin na buɗe akwatin. A ciki akwai littattafan bayanan taro guda biyar, da katunan sakamako a ɗaure da roba wadda ta narke ta manne musu, da guntayen jaridu da suka koma ruwan ƙasa, da ambulan-ambulan. Na ɗauri niyyar rubuta tarihin kulob ɗinmu a wannan kofi, ina tsammanin aikin wata ɗaya ne. Ya ci mini fiye da shekara.

Tun a layin farko na yi tuntuɓe. Na rubuta cewa an sa wa kofin sunan Hugh Alexander, zakaran Birtaniya na 1938 da 1956, wanda ya yi aikin warware saƙonnin sirrin Jamus a Bletchley Park lokacin yaƙin duniya na biyu. Shi kaɗai ne Alexander ɗin da na sani a duniyar ces ta Ingila. Da na kai wa dattijon, ya ce in duba shekarar haihuwarsa. An haife shi a 1909, kofin kuwa tun farkon shekarun 1920 ake buga shi, lokacin yana ɗan makaranta. Mai sunan wani ne daban, F. F. L. Alexander, ɗan wasan da ya yi zamaninsa a wannan yanki. Daga ranar na daina rubuta abu don kawai ya yi kama da gaskiya. Kowace shekara, kowane sakamako, sai na gan shi a wuri biyu: katinmu da jaridar gari, ko littafin taro da mujallar British Chess Magazine, wadda take fitowa tun 1881. Inda suka saɓa, katin da kyaftin biyu suka sa wa hannu a daren wasan nake bi, don sau da yawa sakatare sai bayan watanni yake rubuta nasa daga ka.

Karatun wasannin ma sai da na koma makaranta. Tsofaffin takardun duk da salon rubutun da ne, inda tafiyar da yau ake rubutawa e4 ake rubuta ta P-K4, kuma kowane gida a allo yana da suna biyu, ɗaya daga wajen fari ɗaya daga wajen baƙi. Hukumar ces ta duniya ta daina amincewa da shi a 1981, amma dattawanmu sun ci gaba da abinsu shekaru bayan haka. Ma'aunin ƙarfin 'yan wasa shi ma ya canza: a da lamba uku ce a Ingila, a 2020 aka koma lamba huɗu. Sai ka ninka tsohuwar sau bakwai da rabi ka ƙara 700, mai 160 ya zama mai 1900, sannan ka gane ko wane irin gwani ne ke zaune a allo na 4 shekara hamsin da suka wuce.

Ambulan ɗin su suka fi taɓa ni. A da idan lokacin tashi ya yi wasa bai ƙare ba, wanda yake da tafiya zai rubuta ta a ɓoye, a rufe a ambulan, a zana yadda allo yake a bayansa, a sa ranar ci gaba. Ko kuma a aika hoton allon ga wani gwani ya yanke hukunci. Ka ga ke nan kulob biyu za su iya zama makonni ba su san wanda ya wuce ba, ana taruwa a gidan wani ana bitar allo ɗaya har tsakar dare. Na sami ambulan ɗaya da ba a taɓa buɗewa ba. A bayansa an zana sarki da dakaru uku a kowane ɓangare, da sa hannun mutum biyu. Na ɗaga shi a hasken fitila na ga inuwar rubutun, amma na mayar da shi yadda na same shi. Yanzu da agogon lantarki ke ƙara wa mutum daƙiƙoƙi a kowace tafiya, kuma kwamfuta ke warware kowane allo cikin ƙiftawar ido, wannan al'ada ta kusa shuɗewa.

Ni ina ganin sili-ɗaya-ƙwale bai cika adalci ba, kuma masu ces sun san haka tun farko. Gasar ƙasa da ƙasa ta farko, wadda Howard Staunton ya shirya a Landan a 1851 da mutum 16, da wannan tsari aka yi ta. Ƙuri'a ta haɗa Adolf Anderssen da Lionel Kieseritzky tun zagayen farko, ɗaya daga cikin manyan gwanaye ya fita da wuri, Anderssen ya je ya ɗauki gasar. Daga baya manyan gasanni suka koma kowa ya kara da kowa. Amma a gundumomi tsarin ya zauna daram, kamar yadda Kofin FA ya zauna a ƙwallon ƙafa tun 1871, domin shi ne kaɗai daren da ƙaramin kulob kan zauna gaba da gaba da manya yana da abin da zai sa rai a kai. Kingston sun ɗauki kofin a 1976, ba su sake taɓa shi ba sai a 2022, bayan shekara 46, a kakar da aka dawo wasan ido da ido bayan annobar korona. Mu kuwa sunanmu bai taɓa hawa jikinsa ba. Da jerin zakarun kaɗai na duba, da sai in ce ba mu da tarihi a gasar, alhali akwatin cike yake da mutanen da suka yi shekara talatin suna zama a allo na 9, da wanda ya kwaso mutum huɗu a motarsa cikin dusar ƙanƙara don kada a ba da allo kyauta.

A ɗauri na uku na ga abin da dattijon yake nufi. Katin wani wasa ne na shekarun 1970, biyar da biyar, an ja layi biyu a ƙarƙashin lambobin allunan, mu aka fitar. Katin kakar da ta biyo baya kuwa, da na kowace kaka bayanta har kyaftin ɗin ya sauka, a samansa da fensir an rubuta tun kafin a fara wasa: muna buƙatar biyar da rabi. Na gane rubutun. Shi ne rubutun da ke kan takardun kiran taron da ake aiko mana kowace shekara.

Da na mayar masa da akwatin, tare da kwafin komai a kwamfuta, na ajiye katin a gabansa na ce, "Baba, ashe kai ne." Ya gyaɗa kai, ya ce shi ma allo na 5 ne, shi ma shi ya ce wa yaron ya karɓa.

Da kaka ta zagayo, na zauna da mutanena goma kafin a jefa kwabo, na yi musu lissafin allunan a bayan kati, na gaya musu irin canjaras da zai wuce da mu da wanda zai fitar da mu. Matashin nan na sake sa shi a allo na 5. Sannan na ɗauki fensir na rubuta biyar da rabi a saman katin.